Gadon haya a Esenyurt, inda na fara zama a Istanbul

Masu tambayata maganar masauki mai arha a Istanbul sun yi yawa, kusan duk wanda ya samu biza sai ya turo saƙo yana cewa Malam ina ne zan sauka kuɗina ba su da yawa, to bari in faɗi yadda tawa ta kasance kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Ƙarshen 2022 na shigo Turkiyya, daidai lokacin da tsadar kaya ta kai maƙura, a watan Oktoba na shekarar ita kanta gwamnati ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari. Otal a Aksaray ko Laleli inda 'yan kasuwarmu ke sauka ya dace da wanda ya zo sarin kaya na mako ɗaya ya juya, amma ni da na zo zama da 'yan dalolin da iyaye da yayye suka harhaɗa min, in na ce can zan zauna kafin wata ya mutu aljihu ya yi wayam. Shi ya sa wani ɗan unguwarmu da ya riga ni zuwa ya haɗa ni da wani masauki a Esenyurt, can yammacin gari ta ɓangaren Turai. Gunduma ce mai mutane kusan miliyan ɗaya, dogayen benaye ko'ina sun tsaya cirko-cirko, baƙi kuma ba irin wanda babu.

Ba otal ba ne fa. Bene ne na zaman iyali aka fasa aka cika ɗakunan da gadajen ƙarfe masu hawa biyu, har falon ma gadaje ne, gado kake haya ba ɗaki ba kuma wata-wata ake biya. Mu shida ne a namu ɗakin, kowa da 'yar lokarsa ta ƙarfe, kwaɗo kai za ka sayo abinka. Banɗaki ɗaya kicin ɗaya a hawanmu gaba ɗaya. Ni sama aka ba ni saboda gadon ƙasa na waɗanda suka daɗe ne, sai wani ya tashi kafin ka gada. Fasfo da kuɗi kuwa a jikina suke kwana cikin 'yar jakar da nake ɗaurawa a ƙugu, ba wai na ga wani ya yi sata ba, mutane ne ke shiga suna fita kullum ba ka san wane ne wane ba.

Abin da ya fi gasa min aya a hannu a farko sanyi ne. Na saba da hunturun Kano amma wannan daban ne, ga ruwan sama ga iskar teku mai shiga har ƙashi. Akwai na'urar ɗumama gida mai aiki da gas, sai dai makullinta na hannun mai gida, da daddare yake kunnawa na 'yan awoyi ya kashe wai gas ya yi tsada, in asuba ta yi za ka yi alwala sai ka ji kamar yatsunka ba naka ba. Wanki kuma ba ya bushewa, kowa ya shanya nasa a jikin gado, ɗaki ya yi ta warin danshi har bango ya fara yin baƙi ta kusurwa. Mun yi magana mun gaji, amsarsa ɗaya ce, wanda bai ji daɗi ba ƙofa a buɗe take akwai masu jiran gado. Kuma wallahi akwai su.

Sai nisa. Wannan shi ne abin da dillali ba zai taɓa gaya maka a waya ba, zai ce ai kusa da metrobus ne. Metrobus ɗin doguwar bas ce mai nata layin a tsakiyar babban titi, tana tashi daga Beylikduzu, gundumar da ke maƙwabtaka da Esenyurt, har ta tsallaka gada zuwa Sogutlucesme a ɓangaren Asiya, wajen kilomita 52, kuma dare da rana take aiki, gaskiya ta rufa wa talakan garin nan asiri. Amma ba ta shiga cikin Esenyurt, ta gefe take wucewa, dole sai na hau ƙaramar bas ta fito da ni bakin titi, in hau metrobus zuwa Cevizlibag, in sauka in canza taragon T1 shi zai kai ni Aksaray ko Laleli inda nake taya wani Alhaji ɗaure kaya da kai su kago. Da safe in ka ga cunkoso sai ka tausaya wa tsofaffi, bas uku huɗu za su wuce ka ba wurin sa ƙafa. A rana zuwa da dawowa kan cinye min awa uku, wani lokacin fiye, ga katin hawa bas da tarago, Istanbulkart, da kullum sai ka sa masa kuɗi. Da na zauna na yi lissafi sai na ga wani kaso mai tsoka na rarar da nake ganin na samu a kuɗin gado a hanya yake zubewa, ban da gajiya, ka dawo ka tarar da layi a kicin ka haƙura da girkin ka ci burodi da shayi ka kwanta.

Duk da haka ba zan zagi gidan nan ba, domin a cikinsa na koyi garin. A ɗakinmu akwai 'yan Afganistan biyu masu aiki a masaƙa, suna fita tun duhu, da wani ɗan Senegal mai tallar agogo da turare, da wani ɗan Turkumenistan, sai wani dattijo mutumin Maraɗi da muke ce wa Baba. Ranar da na fara jin Hausa a bakinsa sai da idona ya ciko. Shi ya nuna min kada in sha ruwan famfo, mu haɗa kuɗi mu sayi babbar gora mai lita 19 mu raba. Shi ya kai ni shagunan BIM da A101 da Şok inda kaya suka fi sauƙi, ya nuna min rumfar Halk Ekmek ta burodin hukumar birni, ya ce ɗana kasuwar mako da yamma ake zuwanta lokacin da masu kayan miya ke shirin tashi, a lokacin suke karya farashi. Garin semolina da suke kira irmik da shi muke tuƙa tuwo, kuɓewa kuwa akwai ta a nan suna ci sosai, kuka da daddawa da yaji ne kawai sai an riƙo mana daga gida. Daren Lahadi in mun yi tuwo har 'yan Afganistan ɗin zama suke mu sa hannu tare, su kuma ran da suka dafa shinkafarsu mai karas da zabibi ba sa ci sai sun ajiye mana. Masallaci na bayan layinmu, huɗuba da Turkanci ake yi ban fahimtar komai a lokacin, amma dattawan wurin in an idar sai sun miƙo hannu mun gaisa, wani ma ya ja ka shan shayi. Akwai masu kallon banza a bas, akwai mai gidan da yana jin kai baƙo ne zai kashe waya, ban ɓoye wannan ba, amma na ga mutanen kirki da yawa.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubuta duk wannan, kuma don Allah duk mai shirin zuwa ya karanta ta sau biyu. Zama a ƙasar nan sai da ikamet, katin izinin zama, kuma dole ka nema kafin bizarka ta ƙare. Cikin abin da ake buƙata akwai inshorar lafiya da adireshi na gaskiya, da takardar haya da aka buga wa hatimi a wurin notari, wato ofishin da ke tabbatar da takardu a hukumance. To tun farkon 2021 aka rufe gundumomin Esenyurt da Fatih ga sabbin baƙi masu neman ikamet, in ban da 'yan tsirarun da doka ta ware, a 2022 kuma aka ƙara wasu gundumomin irin su Avcilar da Bagcilar da Zeytinburnu da Kucukcekmece, aka kuma rufe unguwanni sama da dubu a faɗin ƙasar inda baƙi suka haura kashi 20 na mazauna. Ka ga kenan wuraren da suka fi arha su ne dai wuraren da ba za su ba ka adireshi ba. Mai masaukinmu ya san da haka sarai amma bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuɗin wata kawai yake karɓa, ko rasit babu. Na ga yaro ɗan Gana da ya saki jiki a gidan yana cewa sai ya tara kuɗi tukuna, har bizarsa ta ƙare, daga nan ya koma ba ya iya fita sai da fargaba, balle daga 2023 da aka fara ajiye motocin duba takardun baƙi a manyan tashoshi da dandali. Abin ya tsaya min a rai har yau saboda yaron ba malalaci ba ne, ba wanda ya gaya masa ne kawai.

Ni Baba ne ya zaunar da ni tun makon farko ya ce ɗana gadon nan na sauke gajiya ne, ka fara neman inda za a rubuta sunanka. Da ni da wasu ɗalibai biyu 'yan Zariya muka haɗa ƙarfi muka kama ƙaramin gida a wata unguwa da ba a rufe ba ta wajen Beylikduzu. An sha wuya kam, kuɗin ajiya, kuɗin dillali na wata guda, kuɗin notari, ga kuɗin kula da bene da ake biya duk wata, sai da na kira gida aka ƙaro min. Kafin ka sa hannu a kowace takarda ka tabbatar unguwar a buɗe take a ranar, kada ka dogara da bakin dillali ko abin da wani ya ce maka bara. Sannan wayar da ka shigo da ita daga gida, in ka sa mata layin nan bayan kwana 120 za a toshe ta sai ka biya harajin rajista mai tsada, da yawanmu ƙaramar waya muke saya a nan mu huta.

Har yanzu ina leƙa masaukin ranar Juma'a in gaida Baba. A gadona na sama yanzu wani yaro ne daga Damagaram, sabon zuwa, bizarsa na ta tafiya, na karɓi lambarsa muna ta cigiyar wanda ke neman abokin haya a unguwar da ake karɓar adireshi. Duk wanda ya san wani ɗaki ta wajen Beylikduzu ko ma tsallaken Asiya ya taimaka ya yi min magana.