Daren da na kwashe waƙoƙi daga ADAT zuwa DA-88

A baki aikin ba shi da yawa. Waƙoƙin wani mawaƙi ne a kan kaset biyu na injin naɗar sauti na ADAT, layi takwas-takwas, kowane layi da muryarsa ko kayan kiɗansa, kuma situdiyon da za a haɗa sautin injin Tascam DA-88 kawai suke da shi. Na ce wa maigidana awa biyu sun ishe ni. Can na kwana.

Injunan biyu sa'o'in juna ne, amma ba sa jin yaren juna. ADAT na kamfanin Alesis ya fito a farkon shekarun 1990, yana naɗa a kan kaset ɗin bidiyo na S-VHS, kusan minti 40 a kaset guda. DA-88 ya biyo baya a 1993 da ɗan ƙaramin kaset na Hi8 mai ɗaukar minti 108. ADAT yana tura layukansa takwas ta siririyar wayar haske da ake kira Lightpipe, shi kuwa Tascam soket mai fil 25 ya sani, wato TDIF. Sai an sa tafinta a tsakani, namu akwatin IF-TAD ne. Da na so, da na bi ta wayoyin analog, amma kowane juyi daga lamba zuwa sauti a sake komawa lamba yana ɗan taɓa ingancin abin, ga wahalar daidaita ƙarfin kowane layi. Ta dijital lambobin ne ke ƙaura yadda suke.

Na jona komai, fitilun mita suka tashi, na naɗe waƙar farko ina murna. Da na sa abin kunne na saurara, sai ga wani ɗan ƙas, shiru, can kuma ƙas. A kan ganguna ba a jin sa, amma inda muryar mawaƙin ta rage ita kaɗai yana nan kamar tsakuwa a shinkafa. Na sauya waya, na goge kan injin mai karanta kaset, na zargi kaset. Ban bar kowa ba sai kaina.

Wajen tsakar dare na buga wa maigidana waya. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Wa ke riƙe da agogo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane agogo?"

Dariya kawai ya yi. Kowane inji yana da agogonsa na ciki mai yanka sauti gutsure 48,000 a sakan guda. Na bar su duka biyun kowa yana bin nasa. Agogo biyu kuwa ba sa taɓa tafiya daidai wa daida, ko da a takarda lambarsu ɗaya. A hankali ɗaya yana tsere wa ɗaya, idan tazarar ta kai gutsure guda sai mai karɓa ya yar da shi ko ya maimaita. Wannan ne ƙas ɗin. DA-88 kuma ba ya tsintar agogo daga wayar TDIF, sai an ja masa wata daban mai kan BNC daga tafintan zuwa soket ɗin word clock, inda yake karɓar agogon wani inji, a danna maɓallinsa ya koma WORD. Minti biyu na yi ina wannan, ƙarar ta ɓace. Na kuma duba cewa a gutsure 48,000 na tsara kaset ɗin Hi8, domin sautin da aka ɗauka a 44,100 idan ya gudu a 48,000, murya takan haura rabin mataki da ɗoriya a ma'aunin kiɗa, waƙar ta yi sauri.

Matsala ta biyu ce ta fi koya mini hankali. Agogo yana sa injuna su yi gudu ɗaya, amma bai san inda kowa yake a kan kaset ba. DA-88 ɗinmu ɗaya ne, layi takwas kawai yake ɗauka, don haka zubi biyu zan yi, kuma yatsana ba zai taɓa danna maɓalli a daidai gutsure ɗaya sau biyu ba. Ba mu da katin SY-88 da zai sa shi bin lambar lokaci mai nuna inda aka kai a kan kaset. Ganguna na kaset na farko, muryoyi na na biyu, ke nan za su isa can a warwatse.

Dabarar da na yi tsohuwa ce. Na fara kwafar kowane kaset daga ADAT zuwa ADAT, da wayar haske da kuma wayar sync mai fil 9, wadda ke ɗaure su wuri guda. Sannan na kunna kwafin biyu tare, na naɗa tafi ɗaya mai kaifi a layin farko na kowanne, gabanin waƙa ta soma. Da wannan tafin masu haɗa sauti suka saita tazara tsakanin injunansu har biyun suka faɗo kan juna.

A kan kwafin ne kuma na yi ɓarnar da har yanzu nake jin kunyarta. Ana iya ɗaukar layi na 3 a wannan inji a sauke shi a na 7 a wancan, kuma na so in tattara 'yan amshi kusa da juna. Barci a ido, na buɗe layi na 6 maimakon na 7, na shafe jita ta kusan sakan ashirin kafin na farga. Asalin kaset ɗin yana gefe, na riga na ɓalle masa ɗan harshen da ke hana naɗi tun da yamma. Na sake kwafar layi na 6 daga gare shi, na ɗauko takarda na rubuta kowane layi da inda za shi, na manna ta a goshin injin kafin na sake taɓa wani jan maɓalli.