Aiki ta intanet daga Helsinki: lissafin da mai fasfon Najeriya zai yi tun yana Bauchi

Matashin da ke rubuta manhaja, ko zane, ko fassara daga ɗakinsa a Yelwa ko Fadaman Mada, kuma ana biyansa da dala, ba abin mamaki ba ne idan ya fara tunanin ɗaukar kwamfutarsa ya je ya yi 'yan watanni a wani birnin arewacin Turai. Bidiyon masu yawo da aikinsu ƙasa-ƙasa sun cika YouTube. Sai dai galibin masu yin su Amurkawa ne ko Turawa, waɗanda fasfonsu ke buɗe musu ƙofa ba tare da biza ba. Namu koren fasfon ba haka yake ba, don haka lissafinmu daga takarda yake farawa, ba daga kuɗin jirgi ba. Na ɗauki Helsinki, babban birnin Finlan, domin a ganina ita ce ta fi sauƙin tsarawa cikin manyan biranen ƙasashe biyar na arewacin Turai: da Yuro ake ciniki, ana jin Turanci kusan ko'ina, kuma tana da maƙwabciya da za ta yi amfani, kamar yadda za mu gani.

Finlan ba ta da bizar masu aiki daga nesa. Suwidin da Danmak ma haka. Hukumar shige da fice ta Finlan, wato Migri, ba ta ba mutum izinin zama don kawai yana yi wa wani kamfanin waje aiki ta intanet. Aislan ta fito da irin wannan biza a 2020, ta kwana 180, da sharaɗin samun kuɗin shiga krona miliyan ɗaya a wata, amma an keɓe ta ga 'yan ƙasashen da ba sa buƙatar biza kafin shiga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, har da Finlan. Ɗan Najeriya ba ya ciki. Duk dillalin da ya ce zai samo maka ita, kuɗinka yake so.

Abin da ya rage hanya biyu ce. Ta farko bizar ziyara ta Shengen, wadda ke ba ka kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Kuɗinta Yuro 90 tun daga Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Ana neman inshorar lafiya da za ta ɗauki nauyin aƙalla Yuro 30,000, fasfo da zai ƙara wata uku bayan ranar fitowarka kuma yana da shafi biyu babu komai, shaidar masauki, da tikitin dawowa. Finlan tana son ka nuna kana da Yuro 50 na kowace rana, wato mai niyyar wata biyu sai ya nuna Yuro 3,000 a ƙalla. Wannan ma'aunin hukuma ne kawai, abin da za ka kashe zai wuce haka. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15, wani lokacin ta kai 45. Finlan na da ofishin jakadanci a Abuja, kuma dole ka je da kanka a ɗauki zanen yatsunka, saboda haka ka sa zirga-zirgar Bauchi zuwa Abuja ta Jos a cikin kasafinka.

Bizar ziyara ba izinin aiki ba ce. Batun ko mai ziyara zai iya ci gaba da yi wa kamfanin waje aiki daga masaukinsa, kowace ƙasa da nata hukuncin, kuma ana sauya shi. Ka rubuta wa ofishin jakadanci, ka faɗi ainihin aikinka da wanda ke biyanka da ƙasar da yake, ka ajiye amsarsu a rubuce. Kada ka ɓoye. Ƙarya ɗaya a fom tana shiga rumbun bayanan da duk ƙasashen Shengen ke dubawa, ta bi ka shekaru.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne takardar banki. Sai ka ga asusu ya shekara yana juya dubu ɗari biyu, kwatsam mako guda kafin neman biza an zuba miliyan goma aro daga kawu. Jami'in da ke dubawa wannan shi ne aikinsa kullum, da gani zai gane. Abin da ke gamsar da shi kuɗi ne masu shigowa wata-wata daga wuri sananne, tare da kwantiragi da takardun cajin aiki da suka yi daidai da abin da ya shiga asusun. Idan ta Payoneer ake biyanka, ka buga bayanan can ka haɗa da na asusun dala na bankinka, na wata shida. Sannan ka nuna abin da zai dawo da kai gida: iyali, rajistar kasuwanci, haya ko fili.

Hanya ta biyu ta Istoniya ce. Ita tana da bizar masu aiki daga nesa tun Agustan 2020, ta tsawon shekara guda, ga wanda ya nuna yana samun Yuro 4,500 a wata kafin haraji, na wata shidan da suka gabata. Sharaɗin da nauyi, kuma Istoniya ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya, sai an yi tattaki zuwa inda take da shi. Amma wanda ya samu, babban birninta Talin na nesa da Helsinki da kimanin kilomita 80 ta teku, tafiyar awa biyu a jirgin ruwa, kuma jiragen na kai-kawo sau da yawa a yini. Bizar tana ba ka damar ziyartar sauran ƙasashen Shengen kwana 90 cikin 180. Mazauninka dai Talin ne, Helsinki ziyara.

Lissafin kwana 90 ɗin yana ruɗa mutane. Ba wai idan ka fita ka dawo an goge an fara sabo ba ne. Kowace rana ana waiwayar kwana 180 da suka wuce a ƙirga nawa ka yi a ciki, har da ranar shiga da ranar fita. Tun 12 ga Oktoban 2025 aka fara ɗaukar shiga da fita ta na'ura da hoton fuska da zanen yatsa, saboda haka ƙarin kwana ɗaya ma ba ya ɓacewa.

Kafin ka bar gida akwai ƙaramin abu da kan tsayar da komai: lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙon waya. Idan layinka na MTN ko Airtel bai buɗe don aiki a waje ba, ga kuɗinka a asusu amma ba ka da ikon taɓa su. Ka buɗe shi tun kana nan, ka tabbatar an haɗa shi da lambar NIN, ka bar kuɗi a ciki, sannan ka karɓi na'urar token daga banki. Ka tafi da kati biyu na bankuna daban-daban, aƙalla ɗaya na dala, domin katin naira na da iyakar abin da zai kashe a waje kuma bankuna kan sauya iyakar ba shiri. A Helsinki kusan komai da kati ake biya. Filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu mai zagayayyun ramuka biyu. Ƙarfin wutar ɗaya ne, 230, saboda haka adafta kawai kake buƙata. Ka sayi guda biyu, ka haɗa da doguwar soket irin tamu, sai adafta ɗaya ta ɗauki kwamfuta da waya da komai.

Kada ka sa kilishi, dambun nama ko man shanu a jaka. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, za a ƙwace, ana ma iya cin tararka. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da garin kunu su suka fi cancantar nauyin jakarka. Babu jirgi kai tsaye, sai ta Istanbul, Doha, Frankfurt ko Paris. Idan ta Frankfurt ko Paris ka bi, a nan za a duba fasfonka a yi maka tambayoyi, don haka takardun masauki da inshora su kasance a jakar hannu.

Daga filin jirgin Helsinki da ke Vantaa jiragen ƙasa masu alamar I da P suna kai mutum tsakiyar gari cikin kusan rabin awa. Hukumar sufuri HSL ta raba yankin gida huɗu, A zuwa D, filin jirgi yana C, don haka tikitin ABC za ka saya, a manhajarsu ko a na'ura. Direba ba ya sayar da tikiti, babu kwandasta mai sayar da shi, amma masu bincike na shigowa ba zato kuma tarar tana da zafi. Layin waya na DNA, Elisa ko Telia ana samu a shagunan R-kioski.

Masauki shi zai cinye mafi yawan kuɗinka. Gidajen haya na dogon zango da ake tallatawa a shafukan intanet na Vuokraovi da Oikotie galibi suna son mai lambar shaidar zama ta Finlan, da inshorar gida, da kuɗin ajiya da doka ta yarda ya kai na wata uku, kuma babu kayan ɗaki. Mai ziyara sai ya nemi ɗaki mai kaya na gajeren zango, wanda ya fi tsada. Unguwannin gabas da ke kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa sun fi tsakiyar gari sauƙi. Kada ka tura kuɗi ga wanda ya ce yana ƙasar waje zai aiko da makulli. A gidajen sama ana son shiru daga goma na dare zuwa bakwai na safe, wanda ke taron murya da Amurkawa cikin dare ya lura da wannan. Wurin aiki kuwa ba sai ka biya ba: ɗakin karatu na Oodi, da aka buɗe a Disamban 2018 daura da majalisar dokoki, yana da intanet kyauta da teburori da soket, kuma ba a tambayar kowa dalilin zamansa.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai, wato rana. Bauchi tana wajen digiri 10 arewa, yininmu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Helsinki tana digiri 60. A ƙarshen Disamba rana kan fito wajen tara da minti ashirin, ta faɗi wajen uku da kwata, yinin bai kai awa shida ba. Azahar, La'asar da Magariba duk sai su faɗo cikin awa uku. Wanda ya sa taron aiki na awa biyu da ƙarfe ɗaya na rana zai fito ya tarar La'asar ta kusa fita. Ka toshe waɗannan lokuta a kalandar aikinka tun farko. A Yuni kuma yinin ya kusa awa 19, rana ba ta faɗuwa sai wajen sha ɗaya saura na dare, kuma shafaƙi ba ya gushewa har gari ya waye, don haka alamar Isha da ta Asuba ba sa bayyana yadda muka sani. Masallatan can suna aiki da ƙiyasi bisa fatawar malamai. Ka ɗauki jadawalin masallaci guda ka tsaya a kai, domin manhajojin waya kowace da nata lissafin. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, tsawonsa bai yi nisa da namu ba. Alƙibla ma ba gabas take ba, kudu ce da ɗan karkata gabas.

Duhun hunturu yana taɓa jiki da zuciya, ba wasa ba ne. Barci kan rikice, kasala ta sauka, aiki ya ja baya. Maganinsa fita waje da tsakar rana ko da na rabin awa ne, tsayayyen lokacin kwanciya, da bitamin D, wanda mai baƙar fata ya fi buƙata a can saboda ƙarancin hasken rana. Ka tambayi mai kantin magani adadin da ya dace da kai. Shawarata ga mai zuwa karon farko ita ce ya zaɓi Mayu zuwa Satumba, ya tabbatar ɗakin na da labule mai kauri.

Wanda ya nace sai hunturu, sanyin kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri a wasu ranakun Janairu da Fabrairu. Tufa hawa uku ake sawa: ta ulu mai manne da jiki, suwaita, sai babbar riga mai tare iska. Auduga a ciki tana riƙe gumi ta sanyaya mutum. Takalmi ya zama mai kaurin ƙasa saboda santsin ƙanƙara, sannan ka rataya ɗan abin nan mai ƙyalli a riga don direbobi su gan ka cikin duhu. Batirin waya na mutuwa da wuri a sanyi, ka ajiye ta a aljihun ciki. Kwamfutar da ta sha sanyi a jaka kada a kunna ta da shigowa ɗaki, raɓa kan taru a cikinta, a bar ta ta yi kamar rabin awa. Iskar cikin gida a bushe take kamar ta tsakiyar hunturun Gombe, man kaɗanya zai yi maka aiki.

Abinci ka dafa da kanka. Lidl da Prisma sun fi ƙananan shagunan unguwa araha, ruwan famfo ana sha. Naman halal yana samuwa a shagunan unguwar Itäkeskus, kayan miyar Afirka kuma a wajen unguwar Hakaniemi. A jikin kwali ka kula da sika, sianliha, porsas, kinkku da pekoni, duk alade ne, sai liivate, wanda galibi daga alade ake yin sa kuma yana cikin alawa da kek. Musulunci ba baƙo ba ne a garin, Musulmin ƙabilar Tatar sun kafa ƙungiyarsu tun 1925, kuma yawancin banɗakuna na da ɗan famfon hannu kusa da masai, ba sai ka nemi buta ba.

Agogon Helsinki yana gaban namu da awa ɗaya a hunturu, awa biyu daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Tara na safe a New York huɗu ce ta yamma a can, saboda haka mai abokan aiki a Amurka yininsa zai ƙara tafiya cikin dare fiye da yadda ya saba a Bauchi. Ka sanar da kamfanin da kake yi wa aiki kafin ka tashi, domin wasu na'urorin tsaro suna rufe asusu da zarar sun ga an shiga daga sabuwar ƙasa, wasu kwantiragin ma sun hana taɓa bayanan abokan ciniki daga inda ba a amince ba. Haraji kuma, wanda ya zauna a Finlan fiye da wata shida ana ɗaukarsa mazauni, hukumar harajin ƙasar, wato Vero, za ta nemi haraji a kan duk abin da yake samu ko daga ina ne. Mai kwana 90 bai kai nan ba, amma mai shirin zaman shekara a Talin ya nemi akanta da ya san dokar Istoniya kafin kwanakinsa su kai 183.