Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Na Haɗu da Motar Baba a Faransa

A makon jiya na tsaya inda muka sauka Paris a damanar 2018, ni da uwargida da yaranmu biyu, bayan tafiyar kwana ɗaya a bas daga Damagaram zuwa Yamai da kwanan jirgin sama. Kwana tara kacal muka samu. Ƙanen uwargida, wanda yara ke kira Kawu, shi ya gayyace mu, yana aiki a Muluz, can gabashin Faransa kusa da iyakar Jamus da Suwizilan. Paris ba mu yi mata komai ba sai wucewa, muka hau jirgin ƙasa mai gudu, kafin awa uku mun isa.

Kwana na uku Kawu ya kai mu gidan tarihin motoci na Muluz. Wasu 'yan'uwa biyu ne, Hans da Fritz Schlumpf, masu masana'antar saƙa, suka yi shekaru suna sayen tsofaffin motoci suna ɓoyewa, har harkarsu ta durƙushe, ma'aikatansu suka shiga wurin a 1977 suka tarar da dukiyar. A 1982 aka buɗe shi ga jama'a. Motoci sun haura 400. Babban ɗana ya liƙe wa Bugatti Royale, wadda shida kawai aka ƙera a duniya, tsawonta ya wuce mita shida. Na yaba, amma kallon baƙo na yi musu. Babu wadda na sani, babu wadda ta san ni.

Da dare Kawu ya ce, "Yaya, na ga yau ba ka ji daɗi sosai ba. Gobe zan kai ka inda za ka ga naka."

Garin ana rubuta shi Sochaux, a baki kuma Sosho, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Nan ne gidan Peugeot, wadda muke ce wa Fijo, masana'antarsu tana wurin tun 1912, gidan tarihin kuma an buɗe shi a 1988. Abin da ya fara ba ni mamaki, ashe ba da mota suka fara ba. Zarto suka ƙera, da injin niƙan kofi, da kekuna, kafin su kai ga mota wajen 1889. Zakin nan da muke gani a goshin mota, tun a kan zarto aka fara buga shi. Uwargida ta daɗe wajen injinan niƙa, tana cewa da ta samu ɗaya da ta huta da dakan yaji.

Ni ina tafe ina duba lambobi, 203, 403, sai ga ta. Kat-san-kat, wato 404. Ƙafata ta tsaya da kanta.

Waɗanda suka bi labarin nan tun farko sun san Baba, Allah ya jiƙansa, direba ne. Shekara da shekaru yana jan 404 bashe, mai tanti a baya, daga tashar Damagaram ta Matamaye da Ɗan Barto da Daura har Kano. Ya tafi da fatu da fasinja, ya dawo da atamfa da takalman roba da kwanukan samira. Da ita aka biya mini kayan lakkwal, da ita aka aurar da yayyena mata uku. Ranar da na ci jarrabawar shiga kwaleji, a bayanta aka ɗauko buhun shinkafar da aka dafa wa unguwa a Birni.

Wadda ke gabana ba bashe ba ce, ƙaramar ce mai ƙofa huɗu, fentinta na sheƙi kamar ba ta taɓa ganin ƙura ba. Amma fuskar ita ce: fitilun nan biyu masu zagaye, da ragar gaba, da zakin a tsakiya. Na leƙa ta gilashi na hango giyar a jikin sitiyari, inda hannun Baba yake zama. Sai na ji warin man fetur da goro, na ji muryarsa da asuba yana cewa, "Kai, tashi ka zuba mata ruwa." Duk hutun makaranta ni ne yaron motarsa. Na san yadda ake sa mata dutse a taya a kan gangara, na san yadda ake tura ta in batir ya mutu, na san daren da muka kwana a daji bayan Takeita, Baba ya ɗaure bututun ruwa da tsumman rawaninsa muka ƙarasa gida.

An fara ƙera 404 a 1960, kuma ta ci gasar tseren Safari ta gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ni ban yi mamaki ba ko kaɗan. Motar da ta jure yashin hanyar Magarya da lodin da ya ninka ƙarfinta, me tsere zai yi mata? Har yau ina ganin makanikanmu na Zango, waɗanda suka riƙe motocin nan da rai shekara talatin da waya da guduma, sun cancanci a rubuta sunansu a bangon gidan nan. Ƙanwarta 504 ma tana nan kusa, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, amma zuciyata ba ta bar ta farko ba.

Auta ta ja mini riga. "Baba, kuka kake yi?"

Na ɗaga ta sama don ta ga ciki. Na ce, "Irin motar kakanki ce. Ga inda yake zama, ga inda nake zama."

Ba ta taɓa ganinsa ba, ya rasu shekara biyu kafin a haife ta. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta tambaye ni ina tamu take yanzu. Na gaya mata gaskiya: bayan rasuwarsa aka sayar da ita wajen rabon gado, ina Yamai lokacin, ban ko tambayi wanda ya saya ba.

A shagon bakin ƙofa na sayi 'yar ƙaramar 404 ta ƙarfe, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Da muka koma Damagaram na kai wa Inna. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "Tantin fa?" Daga nan ta tashi ta sa ta cikin kwallar da take ajiye lasisin Baba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na shiga neman wanda ya sayi motar, har neman ya kai ni Mirya.