Sa'idu da ɗan waƙafin da ke karya manhaja

Duk mai rubuta manhajar kanti ko ta makaranta a nan Damagaram zai gamu da wannan: a rubuta Sa'idu ko Ma'azu a akwatin nema, manhaja ta tsaya cik. Dalili kuwa, an liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin SQL, wato harshen da manhaja ke magana da rumbun bayanai da shi. Ɗan waƙafin saman nan ya rufe zance tun bai ƙare ba, rumbun bayanai ya ga "idu" ya rasa inda zai sa shi. Ta wannan ƙofar ɓarawo ke shiga. Ya rubuta ' OR '1'='1, sharaɗin nema ya cika a kan kowane layi na teburin bayanai, bashin dukan abokan ciniki ya zube a gabansa.

Umarnin SQL iri biyu ne. Kafaffe ana rubuta shi cikakke kafin a haɗa manhaja, kamar yadda ake yi a rumbun bayanai na DB2, inda ake duba sunayen tebura a kuma tsara hanyar nema tun kafin aiki ya fara. Kuskure ba ya kai wa mai kanti. Ɗayan kuma sai manhaja na gudana ake gina shi, kuma a nan ne matsalar liƙa suna ke tasowa.

Ni ban ga laifin na biyun ba. Ɗan kasuwa a Kasuwar Dole na son nema da suna, ko da kwanan wata, ko da unguwa, Birni ko Zango, ko ya haɗa su. Zaɓi 3 sun haifi umarni 8, zaɓi 5 kuma 32. Wa zai kafa waɗannan duka?

To a gina, amma ƙashin jimlar kaɗai. Duk inda ƙima za ta shiga a sa gurbi: alamar ? a rumbunan bayanai na MySQL da SQLite, $1 a na PostgreSQL. A shirya umarnin, sannan a miƙa ƙimomin daban. Sa'idu zai wuce lafiya lau.

Gurbi ba ya karɓar sunan teburi ko na shafin teburi (column). Don haka in mai amfani ne ke zaɓen abin da ORDER BY, mai jera sakamako, zai bi, a tanadi jerin sunayen da aka yarda da su cikin manhaja, abin da ba ya ciki a ƙi shi. A IN kuma, mai karɓar jerin ƙimomi, kowace ƙima da gurbinta, kuma akwai iyaka: SQLite kafin 3.32.0 ta 2020 gurbi 999 take ɗauka, daga nan 32766.

Masu PHP su lura: PDO, mai haɗa PHP da rumbun bayanai, in da MySQL yake aiki kwaikwayon shirya umarnin yake yi, sai an mai da ATTR_EMULATE_PREPARES zuwa false.