Kafin ku ɗora wa mutum-mutumi injin gurza uku a hannu ɗaya

Ƙannena da kuka shigo aikin gurza da goge ƙarfe da mutum-mutumi, ƙorafin da za ku fara ji daga mai masana'anta shi ne wuri ya yi kaɗan. Da gaskiyarsa, sai dai ku san inda za ku matse.

Ni a wuyan hannun na'urar na nemi sauƙi. Na ɗaura mata giranda da injin sanfefa da faifan sa sheƙi a maƙali guda, don in huta da teburin ajiye kaya. Na haɗa nauyinsu, bai kai abin da kamfani ya rubuta ba, na ce shi ke nan. Ashe nisa ma lissafi ne. Idan an rubuta kilo 20, to sai kayan na kusa da bakin hannun. Da zarar tsakiyar nauyin ta yi nisa, ƙarfin ɗaukar ya ragu. Jadawalin wannan na cikin littafin na'urar, ban buɗe ba. Hannu ya riƙa karkarwa, ƙarfe na fitowa da zane-zane, injin da ba ya aiki kuma yana bugun abin da ake gurzawa duk sanda aka juya. Tiyo da wayoyi kuwa kullum a nannaɗe.

Ku fara da tambayar wa zai riƙe wa. In abin da ake gurzawa ƙarami ne, kamar kan famfo, a ba mutum-mutumin ya riƙe shi, a kafe injunan a tsaye, wani bisa wani: bel ɗin sanfefa mai kaushi lamba 80 a ƙasa, 120 a tsakiya, mai laushi 400 a sama. Ƙasa ce ke da tsada a masana'anta, sama kuwa a banza take zaune. In babba ne, a sa mahaɗin da ke sauya kayan aiki da kansa, a rataye kayan a jikin kejin da ya kewaye mutum-mutumin, amma da murfi, don ƙura na shiga mahaɗin ta hana shi kamawa daidai.

Na kuma taɓa cusa injuna har na manta da mai sauya bel. Sanfefa cinyewa take yi, dole mutum ya sa hannu, kuma muddin zai shiga keji sai an tsayar da komai. Ku juya bayan injunan ga ƙofar da ake buɗewa daga waje.

Wuri ɗaya ne ban yarda a yi tsimi ba. Kada ƙarancin fili ya sa ku haɗa alminiyum da baƙin ƙarfe a injin zuƙar ƙura ɗaya. Garin alminiyum na fashewa, gurzar baƙin ƙarfe kuma tartsatsi take fitarwa. Ku ware wa alminiyum nasa mazuƙi, irin mai kama ƙura da ruwa, ko da zai cinye filin da kuka sha wahalar ragewa.