Ranar da Na Sauke Taswira Daga Bango

Na shekara uku ina koyar da labarin ƙasa ga 'yan aji biyar a wata firamare da ke Tudun Wada a garin Kaduna kafin na gane hadda kawai nake ba su. Jihohi 36 da hedikwatocinsu, ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna, haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai a Lakwaja. In na tambaya, sai ajin ya ɗauka baki ɗaya kamar waƙa, ni kuma in ji daɗi, har hedimasta ya leƙo ya gyaɗa kai.

Wata yarinya ce ta tona mini asiri. Ina nuna musu kogin Kaduna a taswirar da ke rataye jikin bango, na ɗora sanda a tsaunukan Filato inda ya samo asali, na bi shi arewa maso yamma har zuwa garinmu. Sai ta ɗaga hannu.

"Malam, ya aka yi ruwa yake hawa sama?"

Aka fashe da dariya. Ni dai dariyar ta maƙale mini, don gaskiya ta faɗa: a jikin bango, layin nan shuɗi hawa yake yi. Ashe duk ajin sun ɗauka arewa ita ce sama, kudu kuma ƙasa. Wasu ma, da na bincika, ba su san arewa kusurwa ba ce. A wurinsu Arewa mu ne, Kudu kuma inda ake kawo goro da manja.

Washegari na cire taswirar daga ƙusa, muka fita harabar makaranta, na shimfiɗa ta a ƙasa na danne gefunan da duwatsu. Na ce kowa ya juya inda yake fuskanta in zai yi salla. Nan take suka juya, babu mai shakka. Yaron Hausawa ya san gabas tun kafin ya san baƙi da wasali, ni ne ban taɓa amfani da wannan ba. Na ce to hannun hagunku arewa, dama kudu, bayanku yamma. Daga baya na yi musu bayanin cewa alƙiblarmu ta ɗan karkata zuwa arewa maso gabas, shi ya sa ba ta zo daidai da mafitar rana ba, amma wannan darasin wani mako ne.

Sai muka tara yashi muka yi tudu, muka kira shi Jos. Na karɓi butar maigadi na tsiyaya ruwa a kai. Ya gangaro ta gefen arewa, ya yi kwana, ya nemi kwari. Yarinyar nan ta tsuguna tana bin sa da yatsa, rigar makarantarta duk ta ɓaci, ta ce, "Au, ashe gangara yake bi!" Daga nan labarin ya tafi da kansa: ruwan da suke gani ƙarƙashin gada in za su Barnawa shi ne yake juyawa kudu maso yamma, ya cika madatsar Shiroro inda ake samar da lantarki, ya faɗa Kwara, ya wuce Lakwaja har tekun Atlantika.

Tun daga lokacin, da sunayen unguwanni nake fara zango. Me ya sa ake cewa Tudun Wada, Tudun Nupawa, Unguwar Rimi? Me ya sa gidajen bakin kogi ke shan ambaliya a Agusta da Satumba, mu kuwa a tudu sai dai kwata ta cika? Sunan garin ma jam'in kada ne, kuma kogin da layin dogo suna cikin abin da ya sa Turawa suka baro Zungeru suka kafa hedikwatar Arewa a nan a 1917. Yaro in ya ji haka, sai ya koma gida ya tsare kakarsa da tambaya. Hunturu kuwa ba na koyar da shi sai a Disamba, lokacin da leɓɓansu suka tsage, ƙura ta rufe benci. A lokacin ne zancen iskar da ke tasowa daga Sahara yake shiga kunne.

Ba komai ne ya gyaru ba. Ajin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, minti talatin da biyar kuma ba ya isa a fita a dawo, ga jarrabawa har yanzu hadda take nema, don haka ranar Alhamis muna rera jihohi da hedikwatocinsu kamar da. Ƙwallon duniyar da muke da shi ma guda ɗaya ne, a kulle a ofis. Da lemo da tocila nake nuna dare da rana, in an tashi kuma sai rigimar wanda zai sha lemon.