Awon DNA a ciyawar gamba, da inda yake yaudarar mutum

A ido gamba duk gamba ce, amma cikinta ba ɗaya ba: wata kuromosom (ƙunshin DNA a ƙwayar halitta) 20 gare ta, wata 40, shi ya sa DNA ɗin da ke cibiyar ƙwayar halittarta kan kusan ninka na 'yar'uwarta. Abin da muka sa gaba ke nan a gambar da muka tattaro daga dazuzzuka daban-daban, muka auna da na'urar fulo-saitomita, mai auna hasken da kowace cibiya ke fitarwa bayan an rina DNA ɗinta.

Ɗanyen ganye mai tasowa muke tsinka, mu naɗe a jiƙaƙƙiyar takarda, mu sa a kula mai ƙanƙara. Sai mu yanki ɗan guntu kamar rabin farce, mu daddatsa shi da reza tare da ganyen masara irin CE-777, wadda muke gwadawa da ita don an san nauyin DNA ɗin cibiyarta fikogiram 5.43 ne, cikin mililita 1 na ruwan Galbraith mai sanyi, haɗin da ke sakin cibiyoyi daga ganye. A tace da raga mai ido maikuromita 50, a zuba rinin propidium iodide mai kama DNA, da RNase mai narkar da RNA don kada rinin ya kama ta, maikurogiram 50 kowanne a mililita, a bar shi a duhu kamar minti 15, sannan na'ura ta ƙirga cibiyoyi 5,000. A jadawalin da na'ura ke zanawa, cibiyoyin kowace shuka kan taru su yi tudu. Matsayin tudun gamba a raba da na masara, a ninka da 5.43, a sami nauyin DNA ɗin gamba. 

Reza ɗaya, ganye ɗaya. Kaifin ganyen gamba daga sinadarin silika ne, irin na rairayi, nan da nan yake dakushe bakin reza, sai ta riƙa murƙushe cibiyoyin maimakon yanka, tudun ya baje. Duk awon da bajewarsa ta haura kashi 5 cikin ɗari zubarwa muke yi. Tsohon ganye kuma sinadaran fenol ɗinsa kan hana rini kamawa. Zuba PVP, sinadari mai kama fenol, kashi 1 cikin ɗari ya taimaka sosai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ƙaramin bambanci, na kashi 2 ko 3 tsakanin gambar wuri da wuri. Da sauƙi mutum ya ɗauka ya gano wani abu, alhali na'ura ce ta ɗan goce tsakanin jiya da yau. Yanzu kowane tushe sai mun auna shi a ranaku uku, sannan mu daddatsa ganyen gamba biyun da muke kwatantawa a faranti ɗaya. In tudu biyu suka fito, bambancin na gaske ne. In kuwa ɗaya ne, ba ma rubutawa.

Inda awo ya nuna ninki, muna tsiro da saiwa, mu ƙirga kuromosom a bakinta da madubin ƙara girma kafin mu ce mai 40 ce.